Farar Ƙafar Makanike

Kawuna mai aski ne, kuma shi ke riƙe da guruf ɗin magoya bayan ƙungiyar ƙwallon garinmu. Waya a jingine da madubi, kilifa a hannu, haka yake wuni. In mun ci wasa, wayar ba ta hutawa: kowa ya zama gwani, har wanda jiya ya ce a kori mai tsaron gida shi ke turo hotonsa. In aka lallasa mu kuwa, sai a yi ta ficewa cikin fushi, washegari a dawo ana roƙon Kawu ya maido da su.

Babban abokin musunsa shi ne Makanike, amininsa tun suna yara. Wata rana da aka ci mu, Makanike ya zagi koci, ya haɗa da duk mai kare shi. Kawu ya harzuƙa ya cire shi. Kamar da wasa, daga ranar ƙungiya ta shiga cin wasa ba ƙaƙƙautawa. Nan take 'yan guruf suka yanke hukunci: Makanike farar ƙafa gare shi, kada a kuskura a maido shi.

Magana ta kai kunnen Makanike, ya ɗauke ƙafa daga shagon. Kawu ya yi ta murnar cin wasa ba abokin musu, murna lami, don kowa a guruf ya yarda da kowa. Ni kam ya ba ni tausayi.

Na ce, "Kawu, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka maido shi mana."

Ya ce, "So kake su cinye ni ɗanye?"

Amma ranar babban wasa sai ya ajiye kilifa, ya danna waya, ya maido da mutuminsa. Aka ko zura mana ƙwallaye kamar ragar ba mai tsaro. Guruf ya kaure, kowa na cewa a fitar da mai farar ƙafa. Ana cikin haka sai ga saƙon muryar Makanike: "Aboki, ban gaya maka ba? Kocin nan ko kiwon akuya ba zai iya ba. Ga ni nan tafe, sumata ta taru."

Kawu ya yi dariya har da hawaye. Ya kakkaɓe kujera, ya dubi mutumin da ke jiran layi ya ce, "Malam, yi haƙuri, akwai wanda ya riga ka."