Surukin Gidan Ferrussola

Eusebio Lendínez ba ɗan Penedès ba ne, yankin gonakin inabi na ƙasar Katalan. Daga kudu ya zo, daga wani ƙauyen manoman zaitun a ƙasar Jaén, yana saurayi, cikin motar 'yan tsinkar inabi da ke haurowa duk kaka. Da aiki ya ƙare abokan tafiyarsa suka koma, shi kuwa ya zauna, saboda Remei, 'yar masu gonar Ferrussola, wadda ke kai wa ma'aikata ruwa da burodi tana tsokanarsa wai hularsa ta fi kansa girma.

Bayan biki, uban Remei, tsoho Climent, ya kama hannunsa ya sauka da shi kogon da ke ƙarƙashin gidan, inda giya ke kwanciya cikin kwalba shekara da shekaru tana tara kumfarta. Ya nuna masa yadda ake soke kwalabe baki ƙasa a jikin katako mai ramuka, a riƙa murɗa kowace kaɗan-kaɗan kullum har diddigar ta taru a wuya, sannan a buɗe ta yi tsartuwa ta fice, a toshe. Eusebio ya koya har hannunsa ya faɗa. Uwar Remei kuwa, Assumpta, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Ɗan kudu" take ce masa, ko yana wurin ko ba ya nan.

A wajen cin abinci yaren Katalan ake yi. Yana ji sarai, amma ranar da ya gwada mayarwa, Ignasi ƙanin Remei ya yi dariya har ya ƙware.

"Haba mijin Yaya, ka tausaya wa yaren nan mana! Kamar mai tauna tsakuwa."

"Kai da ka iya yaren, me ka taɓa faɗa mai amfani da shi?" in ji Remei.

Kowa ya dara, har Eusebio. Sai dai daga ranar ya koma ɗan sauraro, in yana da magana ya ajiye sai sun shiga ɗaki shi da matarsa.

Allah bai ba su haihuwa ba. Climent ya rasu, ba a daɗe ba ciwo ya kama Remei a ƙirji, ya ci ta a tsaye shekara guda, ya kwantar da ita wani hunturu, bai bar ta ta ga tohon inabi ba. Bayan jana'iza yayar Eusebio ta matsa masa ya dawo gida, ya tattara kayansa ya tafi. A can ya tarar gidansu an sayar, abokansa wasu sun mutu, wasu suna ƙasashen waje. A shagon shan kofi yaran da bai sani ba suna ce masa Bakatalane. Ya yi 'yan makonni yana kwana a falon yayarsa, yana tashi da asuba ba abin yi, hannuwansa na motsi su kaɗai kamar yana murɗa kwalabe. Rannan ya hau mota ya koma.

Assumpta na shara a ƙofar gida ya iso da jakarsa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba a gama datse rassan gangaren can ba," ta ce. Ta ci gaba da shararta.

Ignasi ya riga ya yi aure ya koma garin Vilafranca, shi ke hulɗa da masu sayen giyar, sai ya leƙo gona jefi-jefi. Gidan mai ɗakuna barkatai ya rage daga tsohuwa sai surukinta. Ta dafa, ya zo ya zauna a gefensa na tebur, ta goga wa burodi tumatir ta zuba man zaitun ta tura masa, su ci, rediyo na magana a madadinsu. In kaka ta zo gidan ya cika da 'yan tsinka da hayaniya da warin matsattsen inabi, in ta wuce ya koma jin ƙarar takalminsa a matakalar kogo. Haka suka yi shekaru, har gashinsa ya yi fari.

Sai tsohuwa ta fara mantuwa. Ta sa gishiri a kofi, ta bar tukunya a wuta ta tafi neman kajin da aka yanka tun bara. Ignasi ya kawo maganar gidan tsofaffi.

"A bar ta," in ji Eusebio. "Ina nan."

"Kai da ko sunanka ba ta iya ba?"

"Da can ma ai ba ta iya ba."

Shi ya koma dafa mata, ya taje mata kai, ya zaunar da ita a rana a bakin kogo inda zai riƙa jin motsinta. Kullum sai ta tambaye shi ina Remei. Da farko ya gaya mata gaskiya, ta yi kuka kamar yau aka yi rasuwar. Daga nan sai ya riƙa cewa ta je kasuwa.

Abin mamaki, a lokacin ne ta fara yi masa hira. Ta ɗauka wanta ne, Feliu, wanda ya mutu tun tana budurwa. Ta ba shi labarin ƙanƙarar da ta taɓa kashe gonar kaf, da rigar da ta sa ranar aurenta, da yadda Climent ke tsoron agwagwa. Wata rana da hantsi yana ɓare mata lemo ta jawo hannun rigarsa.

"Yaya Feliu, ka ga ɗan kudun nan da Remei ta kwaso mana?"

"Na gan shi."

"Ba ya magana. Mutum ya zauna maka a gida kamar turmi. Ni ban san ko abincina na yi masa daɗi ba, ban san ko yana ƙoshi ba. Kai namiji ne, ka tambaye shi mana."

Eusebio ya ƙarasa ɓare lemon da ke hannunsa.

"Na tambaye shi," ya ce da Katalan ɗinsa mai nauyi. "Ya ce yana ƙoshi. Ya ce a gode miki."

"To, madalla," ta ce, ta karɓi lemon. "Ka ce ya riƙa sa rigar sanyi in zai sauka ƙasa."

Ta rasu da bazara, inabi na fure. Mutanen ƙauye suka cika coci, aka dawo gida aka buɗe kwalabe aka sha da sunanta, kafin la'asar kowa ya watse. Ignasi ya tsaya a bakin mota yana juya makulli a hannu.

"Mijin Yaya, gidan nan ya yi maka girma. Akwai ɗaki a wurinmu."

"Wa zai murɗa kwalaben?"

"To ka riƙa zuwa ran Lahadi, ko don yara su gan ka."

Ya je Lahadi biyu ko uku. Aka karɓe shi hannu bibbiyu, 'ya'yan Ignasi suka gaishe shi suka koma kan wayoyinsu, shi kuma ya zauna da hula a gwiwa yana duban agogon bango har lokacin mota ya yi. Daga baya ya ce ƙafa na damunsa, ba a matsa masa ba.

Yana nan har yanzu a Ferrussola. Ya rufe ɗakunan sama, ya sauko da gadonsa kusa da murhu. Wata kyanwa mai ido ɗaya ta fara zuwa daga gonar maƙwabta, bai kore ta ba, bai kuma sa mata suna ba. In ya dafa wake yakan zuba mata romo a murfin tukunya, ta lashe ta yi tafiyarta.