Ranar da Na Murɗa Notin Tukunya

A shekarata ta biyu a Guangzhou na zauna a unguwar Panyu, gidan wani dattijo ɗan Maraɗi. Jallabiyoyi yake sarowa daga masana'anta, a goge su a ƙasan gidan, a shirya a kwali, a kai tashar jiragen ruwa ta Huangpu. A kusurwar ɗakin gugar akwai tukunyar tururi da ta kai ƙugun mutum. Ita ke ba dutsen guga tururi, ita kuma ke ɗumama ɗakin idan sanyin nan mai laima ya shigo. Mai kula da ita wata 'yar China ce da ta manyanta, muna ce mata Ayi, wato goggo.

Tun zuwana na gaya wa dattijon na yi aiki a masaƙa a Kano. Ba ƙarya na yi ba, sai dai a sito nake ina jera bandir. Ɗakin tukunya ta taga kawai na taɓa leƙa shi. Shi kuwa ya ɗauke ni injiniya, har haka yake gabatar da ni ga baƙi, ni kuma ban taɓa gyara masa zance ba.

Wata safiya Ayi ta kira mu ƙasa. Tukunya ta yi zafi, amma allurar gejin da ke nuna ƙarfin tururi tana kwance a kan sifiri. Ta riga ta kashe wuta, tana nuna mana wayarta, alamar za ta kira mai gyara.

"Ga injiniya a gida, me za a kira wani?" in ji dattijon. "Ɗana, duba mana."

Na tsuguna na ƙwanƙwasa gilashin gejin da farce. Allura ko gezau. A gefe akwai ɗan akwati mai noti, wanda ke yanke wuta idan tururi ya kai iyaka. Na ce a raina, tunda allura na ƙasa, ƙarfi ne babu.

"Baba, matar nan ce ta taɓa saitin," na ce da Hausa, a gabanta, don na san ba ta ji.

Na ɗauki sukudireba na murɗa notin har zagaye uku, na kunna. Ayi ta kama hannun rigata tana girgiza kai. Dattijon ya yi mata alama ta ƙyale ni.

Ba a jima ba tukunyar ta fara gurnani, bututu na rawa, allura na nan inda take. Sai bawul ɗin tsaro na sama ya buɗe da wata irin ƙara, tururi ya turnuƙe ɗakin. Ni na fara kaiwa ƙofa, har na bangaji kafaɗar dattijon. Ayi ce ta lulluɓe kanta da jiƙaƙƙen tawul, ta ratsa ta sauke makunnin bango. Da ta fito, bayan hannunta ya yi ja, fata ta tashi.

Mai gyara ya zo da hantsi. Ya kwance gejin, ya zura waya cikin lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashinsa, sai ga baƙar laka na fitowa. Ashe tururi na nan da ƙarfinsa tun farko, hanyar zuwa gejin ce ta toshe. Ya dubi notin da na murɗa, ya yi tambaya da yarensu. Ayi ta amsa a taƙaice, ba ta nuna ni ba, ba ta ma dube ni ba.

Bayan azahar na samu dattijon a kan darduma.

"Baba, ni ba injiniya ba ne. Kuma ba ta taɓa komai ba, ƙage na yi mata."

Ya daɗe yana jan carbi. "Ni ma na hana ta magana," ya ce. "Amma ba ni za ka roƙa ba."

Na sauka. Ba ni da kalmomin, sai na rubuta roƙon gafara a waya ta juya mini zuwa yarensu. Ta karanta a hankali, hannunta naɗe da bandeji. Ta dai tura mini kujera da ƙafa, ta nuna tulin jallabiyoyin da ke jiran guga.

Mako biyu na yi ina gugar, tana zaune tana nuna mini inda na bar tamoji a wuyan riga.