Ranar da Turmina Ya Tafi Gareji

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana goye, akwai wata magana da ta hana ni sakat. Ranar da za a kawo ni ɗakin miji a nan Lafiya, mahaifiyata ta ja ni bayan ɗaki a gidanmu na Kwandere, ta dafa wani tsohon turmi, ta ce, "Wannan na kakarki ne, na ba ki. Amma ki buɗe kunnenki da kyau. Duk ranar da turmin nan ya bar gidanki, to aurenki zai bi bayansa." Ba ta yi dariya ba, ni ma ban tambayi dalili ba. Ni da ko ƙadangare ya kalle ni sau biyu sai na fara tunanin wani abu zai faru, ai kun san irin riƙon da na yi wa maganar nan.

Shekara biyu ina gadin turmi kamar wadda aka ɗauka aiki. Maƙwabciyata ta zo aro, na ce mata ya tsage. Ta ce, "Ah ah, ba jiya na ji kina daka ba?" Na ce tsagewar ta ciki ce, ba a gani. In zan fita unguwa kuwa, sai na mirgina shi cikin ɗaki na lulluɓe shi da zane. Mijina bai san komai ba. Kunya nake ji in faɗa masa, don dama ya sha ce mini tsorona ya yi yawa.

Shi mijina mai gyaran jikin mota ne, irin waɗanda in mota ta lotse suke bubbuge ta har ta dawo daidai. Garejinsu yana kan hanyar Doma. To wata rana wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, ya kawo masa wani abu a bayan babbar mota daga Jos, ya ce mota ce. Ni dai da na gani a wayar mijina, ƙarafuna ne da tayoyi huɗu da sitiyari, kamar gadon ƙarfen da aka ɗauke wa katifa. Wai motar tsere ce ta zamanin Turawa, kujera ɗaya tal, ba rufi, ba ƙofa. Jikinta ya ruɓe tun tuni an zubar. Dattijon yana da wani tsohon hoto da ya yi ja don daɗewa, ya ce so yake a ƙera mata sabon jiki da hannu, na alminiyam, irin ƙarfen tukwanenmu amma falle-falle, ta fito sak yadda take a hoton.

Na ce wa mijina, "Motar da ba za ta ɗauki ko buhun gawayi ba, me za a yi da ita?"

Ya ce, "Maman bebi, ba za ki gane ba. Wannan aikin ne zai fito da ni."

Daga ranar ya zama ba shi da hira sai ta motar nan. Sabulun wankina ya dinga ƙarewa ba dalili, ashe shi yake kwashewa. Wai yakan goga wa fallen ƙarfen sabulu ya kara masa wuta, in sabulun ya yi baƙi to ƙarfen ya yi laushi ke nan, za a iya lanƙwasa shi. Na ce sabulu ne, ba komai. Gefe da gefen motar duk ya yi su lafiya. Inda aiki ya tsaya masa shi ne hancin motar da murfin tayoyi, don su zagaye suke da zurfi kamar ƙwarya. Ya ce sai an samu itace mai rami a ɗora fallen a kai a yi ta bugu. Ya sassaƙa wani kututture, ramin ya fito a karkace.

Wata yamma ina dakan sakwara a tsakar gida, sai na lura ya zuba mini ido ko ƙiftawa ba ya yi. Har na gyara ɗaurin ɗankwali, na ƙara gantsarewa. Ashe ba ni yake kallo ba, 'yan uwa. Turmi yake kallo.

Washegari na kai yarinya rigakafi. Saboda saurin kar layi ya yi tsawo, na manta ban shigar da turmin ɗaki ba. Ina dawowa na tarar da wurin fayau, sai zagayen gindinsa a ƙasa. Taɓarya ma babu. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na kira mijina a waya, ya ɗauka yana dariya, ya ce, "Ai ni na ɗauka, 'yan kwanaki kawai zai yi."

Ban san lokacin da na faɗa cikin keke napep ba. Ina isa gareji na hango turmin kakata a tsakiyar baƙin mai da tsofaffin tayoyi, an ɗora masa fallen ƙarfe a baki. Na buɗe baki zan yi ihu, sai dattijon nan ya miƙe daga kan benci, ya ce, "'Yata, ke ce mai turmin? Allah ya yi miki albarka da kika ba mu aro. Matan yanzu ba kowacce ke taimakon mijinta haka ba." To ku gaya mini, bayan wannan da wane bakin zan ce sace shi aka yi? Na durƙusa na ce amin.

A nan durƙushe na yi wa kaina fatawa. Na ce turmin da ya kwana a gida ai bai bar gida ba, unguwa ya je. Saboda haka na kafa wa mijina sharaɗi: ni zan kawo shi da safe, in zauna kusa da shi, in mayar da shi kafin magariba. Ya dube ni kamar wadda ta zautu, amma ya yarda.

Haka muka fara. Kullum da safe ga ni cikin keke, yarinya a baya, turmi a tsakanin ƙafafuna, taɓarya ta leƙo waje tana tsorata 'yan okada. Wani mai keke ya ce, "Madam, suna ake yi a garejin ne, mu zo cin abinci?" Ban kula shi ba. A gida kuwa ido na zuba wa mijina. Ya rage loma biyu a kwano, na ce shi ke nan, an fara. Ya shigo bai ce sannu da gida ba, na shiga ɗaki na yi kuka, alhali buroshi ne a bakinsa.

Amma zaman garejin nan ya sa na ga wani abu. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, ban san komai a kan mota ba, amma na san daka. Mijina bai iya daka ba. Yakan ɗaga taɓarya ya maka da dukan ƙarfinsa wuri ɗaya, kamar mai kashe maciji. Fallen sai ya fito duk ƙulu-ƙulu, ɗaya ma ya yage. Dattijo ya kalli hoto, ya kalli ƙarfe, ya yi ajiyar zuciya. Ni kuwa duk bugu ɗaya a ƙirjina yake sauka, don ina jin turmin yana amsawa da wata irin murya da ban taɓa ji ba.

A rana ta uku na kasa haƙuri. Na ce, "Maigida, za ka fasa mini turmi. Ba haka ake daka ba."

Ya goge gumi ya ce, "Wannan ba doya ba ce, Maman bebi."

Dattijo ya ce, "Kai, ba ta mu gani. Kai ma ai mun ga naka."

Makanikai suka kwashe da dariya. Na ƙara ɗaure goyo, na karɓi taɓarya. Na ce masa shi ya riƙe fallen kawai yana juya shi kaɗan-kaɗan. Ai taɓarya ba a tura ta, sakinta ake yi ta sauka da nauyinta. Na fara daga gefe ina zagayawa, ina shiga tsakiya a hankali, yadda ake bi da doya kar ta yi gudaji. Kan taɓaryar nan kuma ya sha hannu shekara da shekaru, sumul yake, ba ya barin tabo. Can sai ga ƙarfe yana nutsewa, yana yin ciki kamar sabuwar ƙwarya. Mijina ya ɗauka ya kifa shi a kan wayoyin da ya lanƙwasa saman taya don awo. Ya zauna daram. Dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wani makanike ya ce, "Oga, gobe kai ka zo da goyon."

A rana ta huɗu ne asirina ya tonu. Mahaifiyata ta taso daga Kwandere da sabuwar doya, ba ta faɗa mini za ta zo ba. Ta tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabciyata, wadda na hana aro, ita ta tare ta da fara'a, ta ce, "Ai tana gareji, Inna, ita da turmin nan da ya tsage." Har bakin titi ta rako ta, ta tsayar mata da keke.

Ina cikin dakan hancin mota na ji sallamarta a bayana. Na waiwaya, sai ga Inna. Mijina kuwa yana riƙe da ƙarfe mai ɗumi da hannu biyu, ga surukarsa a tsaye, ba damar saki, ba damar tsayuwa. Sai ya yi rabin durƙuso, kai a ƙasa, yana ta "Sannu da zuwa Inna, sannu da hanya Inna." Ni kuma hawaye kawai, na ce, "Inna, wallahi kullum a gida yake kwana."

Ta kalli turmi. Ta kalli ƙarfe. Ta kalli ƙwarangwal ɗin mota. Sannan ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke, wa ya koya miki riƙon taɓarya haka? Kafaɗa a ɗage kamar mai jiran mari? A gidana kika ga ana haka?"

Ta sauke doya, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta leƙa wurin mai sayar da abinci da ke jikin gareji ta aro taɓarya ta biyu. Ta ce, "Ɗana, riƙe da kyau." Muka hau lugude, ni da ita, ta sauke na ɗaga, na sauke ta ɗaga. Da abin ya yi mata daɗi har cilla taɓarya take yi sama ta tafa ta cafe. Mijina yana juya ƙarfe yana janye yatsu, gumi yana zuba, kunya ta hana shi ce wa surukarsa ta sassauta. Masu wucewa suka tsaya kallo. Kafin la'asar hancin mota ya fito, dattijo yana ta zagaya shi yana shafawa kamar an haifa masa jika.

A cikin keke muna komawa gida, turmi a tsakaninmu, na yi ta maza na ce, "Inna, to auren nawa fa?"

Ta ce, "Wane aure? Wani abu ya yi miki?"

Na tuna mata maganar da ta faɗa mini a bayan ɗaki. Ta ɗan yi tunani, sai ta fashe da dariya har mai keke ya waiwayo. Ta ce, "Oh ni! Ashe kin riƙe? Ke fa tun kina ƙarama ba ki iya cewa a'a ba. Takalmin sallarki ma aro kika bayar kika tafi idi da silifa. Turmin nan ya taɓa yin wata bakwai a gidan wata mata, sai da faɗa na karɓo shi. Na ce in ban tsorata ki ba, ko sati biyu ba zai yi a hannunki ba."

Na ce, "Inna, shekara biyu fa ina fama da faɗuwar gaba!"

Ta dafa turmin ta ce, "To ba ga shi nan ba?"

Ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, sai na haɗa duka biyun. Muka wanke shi da ruwan zafi da toka, muka daka dusa a ciki muka zubar har sau biyu, sannan muka daka sabuwar doyar. Da na ba mijina labari, sai da ya ajiye loma. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Da kin faɗa mini ai da ban taɓa shi ba." Na ce da kuwa har yanzu kana can kana kashe maciji.

An gama motar bayan 'yan watanni, tana walƙiya kamar sabon faranti. Ranar da dattijo ya hau, ya sa wata hula mai rufe kunne, ya ja ta a hankali har keke yana wuce shi, yana ɗaga wa mutane hannu. Har yau in aka tambayi mijina, cewa yake da hannu aka ƙera ta. Ba ya dai faɗin hannun wa.

Abin yana ba ni dariya yanzu, amma in na tuna yawan kukan da na sha a ɓoye, sai in ji tausayin yarinyar nan da nake a lokacin. Tambaya ɗaya ce ta raba ni da duk wannan wahala, kuma wadda zan tambaya tana nan Kwandere, tafiyar da ba ta kai komai ba. Tsoro ya hana ni tambayar uwata, kunya ta hana ni faɗa wa mijina, na zauna ni kaɗai ina cin kaina. Yanzu in na ji bakina zai tsorata 'yata don ta bar wani abu, sai in haɗiye, in faɗa mata ainihin dalilin, ko da zai ɗauke ni lokaci.

Don Allah 'yan uwa, in akwai wata magana irin wannan da aka faɗa muku kuna riƙe da ita kuna jin tsoro, kuma wadda ta faɗa tana raye, ku kira ta yau ku tambaye ta dalili.