Igiyar da Na Ba Baba Ba'ana

Baba Ba'ana ya zo Gombe daga Borno shekara goma da suka wuce, da matarsa Fatime da fartanya ɗaya. A Nasarawo ya kama ɗaki. Ya yi gadi, ya yi dako, amma ko yaushe ka zauna da shi, hirar gona ce. Dogo ne, mai taurin kai, ba ya son a taɓa masa aiki.

Bara ne Malam Noah, tsohon malamin makaranta a Herwagana, ya ara masa gonarsa da ke bayan gari. Sharaɗin ɗaya ne: in ta yi kyau ya ci gaba da nomawa, in ba ta yi ba a ba wani.

Ni kuwa malamar gona ce, ƙungiyarmu na raba irin sanfulawa, shukar nan mai furen rawaya da ake matsar mai daga 'ya'yanta. Iri biyu muke da shi, gajere da dogo. Gajeren yana jure matsi, dogon kuwa sai an ba shi fili. Na ba Baba dogon, na haɗa masa da igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli rami ɗaya.

Ya auna tsakanin ƙullin da tafin hannunsa, ya girgiza kai.

"'Yata Jacinta, kin ce abin nan zai fi ni tsawo. Wannan ai ya matse."

Rana ta dame ni, ga mutum takwas suna jirana. Na ce, "Baba, wannan ba gero ba ne. Mu muka karanta abin nan, ka bi igiya kawai."

Ya bi. Wannan mutumin da ba ya jin maganar kowa, ya ji tawa.

Bayan mako uku na buɗe jakata, na ga igiyar dogon iri kwance a ciki. Ta gajeren na ba shi. Da na je a lokacin, da an tsinke rabin shukar an tsira. Kunya ta hana ni. Na ce gobe, goben ta zama wata biyu.

Shukar ta tashi siririya tana rige-rigen neman rana, kawunanta ba su fi murfin kofi ba. Iskar Agusta ta zo ta kwantar da ita.

Ranar da Malam Noah ya je duba gona ina wurin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce cikin tausayi, "Ba'ana, baɗi sai dai ka yi haƙuri."

Baba ya cire hularsa. "Ba komai, Malam. Amma kada a ga laifin yarinyar nan. Ta koya mini daidai. Ni ne Hausata ba ta da ƙarfi, ban gane ba."

Malam Noah ya juyo ya dube ni. Wallahi har yau ina jin nauyin abin da na yi. Gyaɗa kai na yi.