Biskit ɗin Zalika da Ƴan Dubiya

Kun taɓa yi wa marar lafiya abinci, kwano ya dawo ba komai ciki, amma kullum sai ƙara ramewa yake? Zalika ta unguwarmu, Yantala, ta ga haka. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma gwangwanin awon da take aiki da shi nawa ne, shi ya sa na san zancen ciki da waje.

Ita ce ɗiyar fari wajen Malam Harouna, Bagobirin Tibiri da ya shigo Niamey yana saurayi, ya tsufa yana jan babbar mota. Ba ta yi nisa a lakkol, makarantar boko, ba, ta bi uwarta sana'ar mai: a soya gyaɗa, a kai niƙa, a matse, a toya ƙuli-ƙuli, a kai kasuwar Petit Marché. Uwar ta rasu, ƙannenta maza suka watse, ɗaya Agadez, ɗaya Kwatano. Da mijinta ya rasu shi ma, sai ta dawo ɗakin uwarta da yara biyu da turmi da kasko. Mace ce da ba ta iya zama hannu sake ba. Ko hira kuke, tana ɓarar gyaɗa.

Bara aka yi wa Malam aiki a ciki. Ya dawo gida riga na lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa, sikeli ya nuna kilo arba'in da tara. Lokotoro ya ce sai abinci mai gina jiki, in ba haka ba ciwon ba zai haɗe ba. To nama babu haƙoran taunawa, dafaffen ƙwai na tayar masa da zuciya, wake na kumbura shi. Shayi kaɗai yake karɓa, sai abin da za a tsoma a ciki.

Nan Zalika ta ga ƙofa. Ta soya waken suya, ta cire ɓawon, ta kai niƙa. Gwangwani biyu na wannan gari, ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji, ɗaya na fulawa, rabi na madarar gari, ƙwai uku, sukari cokali huɗu, mai ludayi ɗaya, ɗan gishiri. Ta murza, ta yanka da bakin kofi. Ba ta da abin gashi na zamani, sai tukunyar ƙarfe da ta zuba wa yashin bakin kogi, ta jera biskit a faranti ta ɗora, garwashi ƙasa, garwashi bisa murfi. Gashin farko ya ƙone. Na biyu ya yi tauri, sai yara suka yi dara da shi. Na uku ya fito ja, da an tsoma a shayi sai ya narke. Na ƙirga, ashirin da huɗu. Muka yanke shida a wuni, kwaɓi ɗaya ya yi kwana huɗu.

Da hantsi takan aje masa faranti a zaure ta tafi kasuwa. Da la'asar ta tarar ba ko ɓurɓushi. Har kuka ta yi don murna. Bayan wata aka hau sikeli: arba'in da bakwai. Ta ƙara ƙwai, ta mai da shida takwas. Aka koma: arba'in da shida.

Abin ya fito ne daga bakin Baba Issoufou, wani Bazabarme da ya yi shekaru yana yaron motar Malam, abokin wasansa kuma. Shi da tsofaffin direbobi uku kullum suna zaure, dubiya ta koma fada. Wata rana Zalika ta dawo da wuri, ta durƙusa tana gaishe su.

"Ɗiyata, na jiya sukari ya yi kaɗan," in ji Baba Issoufou. "Amma Allah ya yi albarka. Dubi, wandona ya fara matse ni."

Zalika ta dubi farantin, ta dubi ubanta.

"Baba, nawa kake ci?"

"Ina taɓawa."

"Nawa, Baba?"

"Wannan bawan nawa ya fi ni yunwa," ya ce, yana nuna Issoufou da haɓa. "Tun muna hanyar Dosso ni ke ciyar da shi."

Ashe rabin biskit ɗaya yake ci. Ya gutsura ya ce bismilla, ya tura farantin tsakiya. Su kuma sun ɗauka abin taɓawa ne na baƙi.

Ta bi su ɗaya-ɗaya har gida, ta faɗa musu magani ne. Kunya ta kama su. Washegari aka tura faranti, kowa ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Malam ya dube su, ya rufe farantin da faifai. Ranar ko rabin bai ci ba, shayin ma ya bar shi ya huce.

"An taɓa jin baƙo ya zauna zauren Harouna ya tashi baki bushe?" ya ce mata da magariba. "In dai sai na ɓoye abinci zan tashi, ki bar ni kwance."

Ta gwada ba shi da asuba kafin kowa ya zo. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya aje musu. Ta ninka kwaɓi, sai ya aika aka kira mai gyaran taya da ladan. Waken suya kuwa ba kyauta ake ba ta ba, kuma duk ƙulin da ya shiga kwaɓi bai je kasuwa ba.

Dabarar da ta ɗan yi aiki ta Baba Issoufou ce. Yakan ɗauki ɗaya ya karya biyu, ya miƙa wa Malam rabi, ya riƙe nasa.

"Bagobiri, ban yarda da kai ba. Ci na gani, kada ka ba ni sammu."

"Wa zai ɓata sammu a kan Bazabarme?"

Sai Malam ya tsoma ya ci. Da haka ake samun biyu a wuni, ran sa'a uku. Shida ake so. Na buga lissafin ta kowace fuska, bai kai ba. Awon ƙarshe arba'in da huɗu, kuma yanzu sai an kama shi yake kaiwa zaure. Lokotoro ya daina faɗa, ya ce a ba shi abin da ransa ke so. Baba Issoufou in zai tafi sai ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa Zalika "kala suuru", sai haƙuri. Ita dai duk kwana huɗu tana ɗora tukunyar yashi. Ta daina tambayar nawa.

Awon kwaɓin yana nan sama, ban rage komai ba. In kuna da wanda ya kwanta, don Allah ku gwada. Wuta kaɗan-kaɗan, kada ku buɗe murfi sai kun ji ƙamshi. Kuma in kun kai, kada ku aje ku tafi. Ku zauna, ku karya biyu, ku riƙe naku sai kun ga ya haɗiye nasa.