Ɗigon Shu'ibu a Littafin Malam Haladu

Matso kusa in faɗa miki abin da ya hana Malam Haladu mai awon ruwa zama wuri ɗaya wata huɗu cur. Duk faɗin Haɗejia ni Falmata kaɗai na sani, don zana ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma hudar da ke jikin zanar nan, Allah Ya sani, akuya ce ta fara ta. Amma tsaya tukuna, sai kin san mutumin.

Aikinsa na gwamnati bai fi na shan kunu ba. Kullum da safe ya gangara bakin kogi, ya dubi wata sanda mai fenti da aka kafa a ruwa, ya rubuta inda ruwan ya kai, shi ke nan. Siriri ne dogo, in ya tsaya kusa da sandar masunta sukan rasa wadda za su gaisar. Tun suna samari shi da yayansa Shu'ibu suka yi wa wani Baturen ruwa aiki, Shu'ibu na tuƙa kwalekwale, Haladu na riƙe sanda. Da Baturen zai koma gida ya bar wa kowannensu madubin awo na hangen nesa mai ƙafa uku, bayan ya koya musu wata fitina, wai in ka saita madubin a kan tauraron nan Mushtari za ka ga ƙananan taurari huɗu a jere kusa da shi, yau suna nan, gobe sun sake wuri. Watanninsa ne wai, kamar yadda duniya ke da nata watan. Haladu ya ce 'ya'yansa ne. Shekara goma sha huɗu ke nan yana zana ƙwallo ɗaya da ɗigo huɗu a takarda. Matarsa Barira ta ce da 'ya'yan cikinsa ya bi haka, da yanzu duk alƙalai ne.

Mutanen unguwa da suka ga ɗigo-ɗigo sai suka ce bugun ƙasa yake yi. Har wata ta kawo masa zakara ya duba mata wanda ya sace mata tukunya. Ya kore ta, zakaran ya tsere, yana nan gidana ya yi ƙiba.

To ga inda abin ya ɓaci. Wani malamin makaranta daga Birniwa, Malam Tukur, mai agogo a hannu da biro uku a aljihu, ya ce masa in ya tattara tsofaffin takardun duka a babban littafi ɗaya, kwana bi da kwana, za a iya sanin inda kowane ɗa zai tsaya gobe. Haladu ya zazzage adaka. A ƙasa ya tarar da takardun Shu'ibu, na watan ƙaramar salla, shekarar da aka sami mulkin kai, waɗanda ya rubuta da ajami a Guri kafin ciwo ya ɗauke shi da faɗuwar damina. A watan nan shi ma Haladu ya zana nasa a Haɗejia, kowa da an fito sallar asuba.

Aka jera su, ɗaya ga wata da ɗaya ga wata, biyu da biyu. Ko rana ɗaya ba ta yi daidai ba! Inda Haladu ke da uku a gabas ɗaya a yamma, Shu'ibu na da biyu da biyu.

Malam Tukur ya ce, "Malam, sama ɗaya ce a Guri da Haɗejia. Naka ya bi tsari da na baya da na gaba. Marigayi dai, Allah Ya jiƙansa, a ɗaki ya zauna ya ɗiɗɗiga. Cire su kada su ɓata littafin."

Shu'ibun da ya goya shi bayan rasuwar ubansu! Mutumin da ko kifi ya kama ba ya ƙara masa tsawo a labari!

Daga ranar Haladu bai sake sanin tabarma ba. Ya ci tuwo a tsaye. Ya je Auyo neman wanda ya sayi madubin Shu'ibu, ko gilashin ne ya karkace, ya tarar da shi garau, mai shi ya kafa ƙafafun a gonar shinkafa ya rataya musu tsohuwar riga yana korar tsuntsaye. Ya juya takardun sama da ƙasa, ya duba su ta baya a hasken rana, ya karanta daga dama, ya karanta daga hagu. Sau uku yana ɗaukar reza zai yanke su, sau uku yana ajiyewa. Zirga-zirgar da ya yi a tsakar gida ta haƙa kwari, ni da idona na ga kaza ta faɗa ciki ta kasa fitowa. Ran nan ya tafi kogi ya rubuta wa gwamnati ɗigo huɗu a gurbin lambar ruwa.

Barira ta gaji, ta aika Guri a kira Yagana, matar marigayin, ko ita za ta iya da shi. Ta iso da la'asar ranar Talata, da ƙullin busasshen kifi, ni kuwa ina jikin zana ina tsintar wake.

"Kai, ƙanin miji, haka ka koma? Tsinken tsire ya fi ka nama."

"Yaya Yagana, bar wasa. Tambaya ɗaya. Watan sallar nan na ƙarshe, Yaya yana fita da asuba ya duba, ko kuwa?"

"Yana fita? Har ranar idi sai da ya leƙa wannan banzan ƙarfe, liman na jira. Sallar da na zo muku nan kuka wulaƙanta ni."

"Mu? Yaushe?"

"Ji munafuki! Mun sauko idi a Guri, na hau motar kifi da sabon zanina da lallena, na iso nan da yamma, na ɗebi ruwa a randa na kai baki, duk gidan nan kuka yi mini ca, wai ina sha da azumi. Mu mun ga wata, ku gari guda da idanunku ba ku gani ba, sai da kuka cika talatin. Kai ne ma ka fi kowa dariya."

Haladu ya ƙirga kwanaki da yatsu. Sai ya zabura, takalmi ɗaya ya yi gabas, ya faɗa ɗaki ya fito da takardun. Ya shimfiɗa nasa, ya ɗora na Shu'ibu a gefe, ya tura na Shu'ibu sama layi ɗaya, biyu ga watan Guri a kan ɗaya ga watan Haɗejia. Uku a gabas, ɗaya a yamma. Ya sauka layi na gaba, daidai. Na gaba, daidai. Haka har ƙasan takarda.

"Bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Mu ne muka makara da kwana ɗaya."

"Wa ya ce ya yi ƙarya?" Yagana ta miƙe tana ɗaura gyale a ƙugu. "Nuna mini gidansu!"

"Birniwa ne, Yaya, da nisa."

"Akwai mota!"

Barira na dariya tana riƙe ta, shi kuwa gogan ya zauna. Wallahi ya zauna, daɓas a tabarma, karo na farko a wata huɗu. Ya jawo babban littafin, a shafin farko ya rubuta sunan Shu'ibu sama da nasa, ya share ido da hannun riga. Na ƙara manna ido a hudar don in ga ko kuka yake yi na gaske, in sami na faɗa a gidan suna. Sai na ga ya miƙa hannu ya juyo madubin nan mai ƙafa uku a hankali, har bakinsa ya dubi zana.

"Falmata," ya ce, idonsa na ciki, "abin da ya ga 'ya'yan Mushtari ba zai rasa idonki ba. Zagayo ta ƙofa ki ji da kyau, kada ki kai wa gari a karkace. Ki taho da zakaran mutane."