Uwar Mamaci Ta Yafe, Takarda Ba Ta Yafe Ba

Ranar wata Talata ce, a bazarar shekarar da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira. Ina da shekara goma sha ɗaya, muna tsakar gidanmu a unguwar Kumbiya-Kumbiya ta garin Gombe, ni da ƙanwata Dije muna surfen gero, Inna na gindin dogon yaro tana ɗinkin faifai, sai maƙwabcinmu ya yi sallama daga zaure. Ya ce rijiyar da Baba yake haƙa a unguwar Madaki ta rufta. Baba na sama yana jan gugan ƙasa, abokin aikinsa Yohanna na ciki. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa. La'asar ba ta yi ba 'yan sanda suka tafi da Baba, ƙasa har a girarsa, faratansa duk sun kakkarye wurin tono.

Baba, Malam Buba mai rijiya, ya yi shekara takwas yana aiki da Yohanna, mutumin ƙasar Tangale. Ƙa'idarsu ita ce yau wannan a ciki, gobe wancan, kuma a kwano ɗaya suke cin tuwo. Mahaifiyar Yohanna, Mama Saratu, mai sayar da daddawa ce a unguwar Bolari. A rana ta uku ta zo zaurenmu tare da fastonsu, ga mai unguwa, ga liman, ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Ƙasa ce ta ci ɗana, ba Buba ba. Na yafe, ku je ku dawo da shi." Aka shafa Fatiha, fasto ya yi tasa addu'ar, aka watse.

A nan muka yi kuskurenmu. Mu abin da muka tashi muka sani shi ne, idan mai haƙƙi ya yafe a gaban shaidu, magana ta mutu. Inna ta share ɗakin Baba, ta wanke buzunsa na salla, ta jiƙa geron fura. Muka zauna jira, ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya ya kai wani wuri. Sai da wata ya shuɗe wani magatakarda ya ji tausayin Kawu Sale, ƙanen Inna, ya gaya masa cewa takardun sun riga sun tafi babban birnin jiha. Ƙarar kisa, in ji shi, ta gwamnati ce, kuma mutum ɗaya ne a faɗin jihar yake da ikon janye ta, shi ne babban lauyan gwamnati da ake kira Antoni Janar. Ba a yanke wa Baba hukunci ba, ba a kuma sake shi ba. An ce yana jira.

Haka damina ta zo ta wuce. Gonarmu ta auduga, ni da Dije da Inna muka nome ta, muka tsince ta da kaka, ƙaya na yankar mana yatsu. Gidan mai haƙa rijiya ya koma bin layin ruwa da tulu tun asuba. Da yamma 'yan mata na gaɗa a dandali, ni ina kan hanyar gidan yari da kwanon tuwo a ka, kuma ranar da na shiga wasan carafke wata ta ce ba ta wasa da 'yar fursuna, na fasa mata leɓe, har yau ban yi nadama ba, Allah Ya yafe mini. A ƙarƙashin faifan kwanon nakan saka wa Baba 'yar takarda da ajami, shi ma ya mayar da tasa. Kullum ƙarshenta ɗaya ne: "Ki gaishe da Mama Saratu, ki ce ina nan tafe yi mata gaisuwa." Domin an kama shi tun kafin a binne Yohanna, bai sami yi mata ta'aziyya ba, kuma wannan ya fi sauro da kwarkwata damunsa.

Garin kuwa kuɗin mai sun shigo. Ma'aikata sun sayi babura da rediyo, motocin siminti sun cika Bolari, ana ta cewa ƙasa ta yi arziki. A shekara ta biyu Inna ta sayar da akuyarta, ita da Mama Saratu suka hau mota, suka ɗauke ni, muka yi tafiyar yini guda zuwa babban birnin. Kwana uku muna zaman benci a barandar wani dogon gini, ofishin Antoni Janar. Ba mu ga mai kujerar ba, ƙeyar motarsa kawai muka gani. Masinja ne ya saurare mu yana ɓare goro. Mama Saratu ta ce, "Yaro, ni na haifi mamacin, ni na shayar da shi, ni kuma na yafe. Wa ya fi ni rashi a gidan nan?" Ya ce, "Mama, gawar ce taki, ƙarar ta gwamnati ce. Ku dawo in Oga ya duba." Tsohuwar ta dube shi ta ce, "To gwamnatin ta zo jana'iza?"

Daga nan na fara sauraron rediyon maƙwabta. Duk sanda aka ce an naɗa sabon Antoni Janar, sai in rubuta sunansa da tawada a bayan allon Baba, Inna ta yi sadakar ƙosai, Kawu ya sa a buga sabuwar takardar roƙo. Aka yi juyin mulki, aka sauya mai kujera. Aka ƙara jihohi, babban birninmu ya koma wani gari, aka sake sauyawa. Kowanne ya yi rantsuwa da littafi mai tsarki cewa zai yi adalci, aka tafa masa, aka ɗauke shi hoto. Aka ce mana takardun Baba na tsohon birni, can kuma aka ce an loda su a mota sun tafi sabo. Mutum mai rai, mai salla, mai 'ya'ya, ya zama kaya a kwali.

Bayan shekara uku da watanni wasiƙar janye ƙarar ta zo. Layi biyu ne da sa hannu, aikin da bai kai tsawon alwala ba. Baba ya fito ƙafafunsa a kumbure, yana tari, gemunsa ya yi fari. A ƙofar gidan yari Kawu ya tsayar da mota, Baba ya ce shi ba gida zai fara zuwa ba, a kai shi Bolari. Inna ta sunkuyar da kai. Ni ce na gaya masa, domin ni na ɓoye masa a takarduna: Mama Saratu ta rasu tun kakar da ta wuce. Ya zauna a ƙasa, nan bakin hanya. Bai ƙara shiga rijiya ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yau Gombe ita ce babban birni, ofis irin wancan yana nan kusa, kuɗin keke mai ƙafa uku kawai zai kai ka, an kuma jera hotunan masu kujera a bango, kowa da shekarunsa. Allon Baba yana wurina, tawadar ta koɗe, sunayen ba sa karantuwa. Malamai sun ce mai yafiya Allah na yafe masa, ina kuma ƙoƙarin yafe wa masu kujerun nan. Amma ni ban kai Mama Saratu ba.